Matasan Indi-Rok: Ɗaki da Aljihu Ne Suke Haifar da Wannan Sautin

A cikin ɗaliban Samaru da Kongo a nan Zariya akwai wasu 'yan tsiraru da abin da suke sauraro ba ya wuce kunnuwansu. Ba za ka ji shi a sifikar mai shago ba, ba za ka ji shi a Keke Napep daga Kwangila zuwa PZ ba. Idan ɗayansu ya miƙo maka iyafis, abin da zai shiga kunnenka ba nanaye ba ne, ba kuma Afrobeats ba. Jita ce mai kaushin amo, da ganguna waɗanda mutum ne yake dukansu da sanda yana gumi, sai wata murya da wani lokacin ma ba rerawa take yi ba, zance kawai take zubawa a kan kiɗan. Indi-rok ke nan, kuma hukuncin da yawancinmu muke yanke masa a ji na farko shi ne hayaniya.

Ni dai a ganina hayaniyar tana da dalili, kuma ba a cikin jitar dalilin yake ba. Yana cikin irin ɗakin da ake kiɗan, da abin da ke aljihun masu yin sa.

Asalin sunan ma daga harkar kasuwa ya fito. Indi guntuwar kalmar Turanci ce ta cin gashin kai, ana nufin mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. A Janairun 1977 wasu samari daga yankin Manchester da ake kira Buzzcocks suka ciwo bashin kusan fam 500 a wurin dangi da abokai, suka buga faifai 1,000 da kansu. Ya ƙare, aka ƙara bugawa, har aka sayar da kimanin 16,000. Sauran yara suka ga ashe ba dole sai an je an durƙusa wa kowa ba. Rough Trade, wanda shagon sayar da faifai ne a Landan tun 1976, ya fara fitar da nasa a 1978. A shekarar ce kuma Factory ya tashi a Manchester, 4AD ya biyo baya a 1980. Amurka ma ta samu nata, irin su SST da Dischord da Sub Pop da Matador.

Wanda ba shi da kuɗi ba ya kwana uku a situdiyo yana gyaran baiti guda. Shiga ake yi gaba ɗaya, a kunna na'ura, a buga, a fito kafin lokacin da aka biya ya cika. Kundin farko na ƙungiyar Nirvana ta Amurka, wanda Sub Pop ya fitar a 1989, dala 606 aka kashe wajen ɗaukarsa. Wasu ko situdiyon ba sa zuwa, domin tun 1979 an kawo wata 'yar na'ura mai suna Portastudio da take ɗaukar layi huɗu a kan kaset, mutum yana zaune a ɗakin kwanansa. Jitocin Fender samfurin Jazzmaster da Jaguar, waɗanda yau suka zama tambarin wannan kiɗa, a wancan lokacin kayan gwanjo ne da manyan taurari suka raina, shi ya sa yaran suka iya sayensu. Da tafiya ta yi tafiya, shuuu ɗin kaset da muryar da ba a goge ba da ƙarar tsohuwar jita suka tashi daga alamar babu, suka koma ado. Yau har mai hali yana biyan kuɗi a sa masa su.

Cin gashin kan bai daɗe da tsarkinsa ba. Nirvana ta koma babban kamfani, ta fitar da kundi a 1991, kuma a farkon 1992 ta ture Michael Jackson daga saman jadawalin kundayen da aka fi saye a Amurka. Daga nan manya suka shigo da buhunan kuɗi suna farautar duk yaron da ya rataya jita. A yau kamfanoni uku ne suke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya, Universal da Sony da Warner, kuma da dama daga cikin matasan da ake kira 'yan indi a hannunsu suke. Ƙungiyar English Teacher ta birnin Leeds, wadda ta ci kyautar Mercury ta kundin da ya fi fice a Birtaniya da Ireland a 2024, da The Last Dinner Party ta Landan, duk Island ne ya fitar da kundinsu, shi kuwa Island reshen Universal ne. Ba laifi ba ne, kowa da cikinsa yake fita nema. Sai dai mai sauraro ya sani cewa yanzu sunan salon sauti yake nufi, ya daina ba da shaidar wanda ya biya kuɗin aikin.

To mene ne sautin? Galibi mutum huɗu ne ko biyar: mai ganguna, mai jitar bes mai tsirkiya huɗu wadda take riƙe ƙasan kiɗan, masu jita biyu masu tsirkiya shida-shida, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinsu shi ne mawaƙin. Abin da ya fi baƙunta ga kunnen da ya tashi da kiɗan fiyano shi ne lokaci. A situdiyoyinmu furodusa yana shimfiɗa kiɗan a kwamfuta, kowane bugu ya faɗa daidai gurbinsa, na farko da na ɗari babu bambanci, sannan a bi da murya ta Auto-Tune a miƙar da duk inda ta karkace. A can kuwa mutum ne a kan gangar. Idan aka zo amshi jini ya hau, sai ya ɗan ƙara sauri ba tare da ya sani ba, mai bes ya ji ya bi shi, sauran su biyo. Kiɗan yana numfashi. Duk Bazazzagin da ya taɓa ɗora babbar riga aikin hannu ta cikin Birni kusa da wadda injin kwamfuta ya yi wa aiki ya san wannan bambancin: ta injin ta fi daidaito, amma a ta hannun kana iya ganin inda maɗinki ya ja zare da ƙarfi da inda ya sassauta, kuma ita ce mai tsada.

Sai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙafar mai jita. A gabansa akwai wani allo a ƙasa, an jera masa 'yan akwatuna masu launi-launi, kowanne bai fi tafin hannu ba, waya ta fito daga jita ta bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya kafin ta kai amfilifaya. Feda ake ce musu, domin da ƙafa ake taka su. Yana cikin kaɗawa a hankali, tsirkiya tana fita tas-tas, sai ka ga ya ɗaga ƙafa ya taka ɗaya, 'yar fitila ta kama, nan take sautin ya kumbura ya yi kaushi. Abin da ya faru shi ne an tura wa na'urar siginar da ta fi ƙarfinta, sai ta datse kawunan igiyar sautin, datsewar nan kuma ita take haifar da ƙarin amo a saman na asali. Injiniyoyin da suka ƙera amfilifaya a matsayin matsala suka ɗauki wannan. Makaɗa ne suka mayar da ita sana'a. Wata fedar tana sa sauti ya yi amsa-kuwwa kamar a babban zaure, wata tana maimaita abin da aka kaɗa bayan ɗan taƙi. Har ƙugin nan mai huda kunne da muke ji a wurin taro idan makirfo ya matsa kusa da sifika, wanda ake harara mai kula da na'ura a kansa, su da gangan suke nemansa: mai jita ya juya ya fuskanci amfilifayarsa, ya riƙe ƙugin, yana lanƙwasa shi yadda yake so. Daga wannan taka feda ne aka samu tsarin nan na baiti a hankali, amshi da fashewa, wanda Pixies suka shahara da shi a ƙarshen shekarun 1980, har yau kuma yara ba su gaji da shi ba.

Idan ana neman hujjar cewa ɗaki ne yake yin sauti, a duba kudancin Landan daga wajen 2017 zuwa yau. A unguwar Brixton akwai wani ɗan gidan rawa mai suna Windmill da bai fi cin mutum 150 ba. A nan ne black midi da Squid da Black Country, New Road suka yi ta gwada ƙarfinsu a gaban jama'a ƙalilan, wannan ƙungiya ta sauka ta tsaya kallon waccan. Ba nisa da nan akwai situdiyon furodusa Dan Carey, wanda ya kafa wani ƙaramin kamfani, Speedy Wunderground, a 2013 da dokoki masu tsauri: a ɗauki waƙa a yini guda, a haɗa ta washegari, a buga faifai 250 kacal. Babu damar komawa gida a yi tunani a dawo a goge. Abin da aka buga a ɗakin shi za a ji. Hannunsa yana cikin kundin farko na black midi da Squid da Wet Leg da kuma Fontaines D.C. ta Dublin, don haka ba abin mamaki ba ne idan kunne ya ji dangantaka a tsakaninsu.

Waɗannan yaran sun zo da abubuwa biyu da suka fito fili. Na farko rera waƙa da magana. Florence Shaw ta ƙungiyar Dry Cleaning kusan ba ta ɗaga murya; tana jero 'yan maganganun yau da kullum cikin sanyin rai, jita tana haukacewa a bayanta, kuma daɗin yana cikin wannan saɓanin. Na biyu, sun raina tsarin baiti da amshi. Black Country, New Road su bakwai suka fara, har da mai busa saksofon da mai gogen bature, waƙarsu ɗaya tana iya kai minti goma, ta faro kamar raɗa ta ƙare da rugugi. black midi kuwa, waɗanda suka haɗu a makarantar kiɗa da fasaha ta BRIT a Landan, sukan sauya ma'aunin kiɗa sau da yawa a waƙa guda har mai son rawa ya rasa inda zai sa ƙafa. Wet Leg, 'yan mata biyu daga tsibirin Wight, su suka kawo raha da shaƙiyanci cikin harkar, kundinsu na 2022 ya hau saman jadawalin Birtaniya, suka kuma ɗauki Grammy biyu a 2023.

A Amurka iskar ta ɗan bambanta. Wednesday ta garin Asheville tana gauraya ƙarar jita da kiɗan karkarar kudancin ƙasar, da waccan jitar da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe tana kuka. Horsegirl 'yan mata uku ne na Chicago da suka fara tun suna sakandare, haka ma Geese ta Brooklyn, wadda kundinta na 2025 ya sa aka yi ta maganarta. Ga kuma salon nan na binne murya a ƙarƙashin tarin amon jita, na My Bloody Valentine da Slowdive, wanda aka yi wa jana'iza tun tsakiyar shekarun 1990, sai ga TikTok ya tono shi ya miƙa wa yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi.

A nan zan faɗi abin da masoyan kiɗan ba sa son ji. Kaso mai yawa na abin da ake kira sabo maimaici ne. Ka saurari ƙungiyoyi goma na masu magana a kan kiɗa, bakwai a cikinsu ƙungiyoyin wajen 1979 suke kwaikwayo, kuma ba su kai na asalin ba. Sabon abu na gaskiya da na gani shi ne yawan matan da suke gaba, su ne masu rubutawa, su ne masu riƙe da jita, a fagen da a da maza suka mamaye.

Kuma harkar ba ta ciyar da mutum yadda ake zato. Abin da Spotify yake biya a kan sauraro ɗaya bai kai santi guda na dala ba, daga 2024 kuma waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta samun ko sisi. Ɗan abin da ya shigo a raba shi biyar. Yawancinsu da yawon wasa da sayar da riguna da faifai a bakin ƙofa suke rayuwa, ko ta shafin Bandcamp inda mai saye yake biyan mawaƙi kusan kai tsaye. Ƙananan gidajen da suke renon su ma suna mutuwa: ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai guda 125 ne a Birtaniya suka rufe ko suka daina sa kiɗa. Mawaƙin Black Country, New Road ya ajiye aikin a Janairun 2022, kwanaki kaɗan kafin fitowar kundinsu na biyu, black midi kuma ta watse a 2024. Shi ya sa ake yawan gunaguni a can cewa kiɗan da talauci ya haifa yana komawa hannun 'ya'yan masu hali, waɗanda za su iya shekara uku ba riba.

Mai sauraro a Zariya yakan ɗauka duk wannan labarin nesa ne. Alhali ɗaya daga cikin masu jitar da duniyar indi ta fi girmamawa a yau maƙwabcinmu ne. Mdou Moctar Buzu ne daga Nijar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Kundinsa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da Auto-Tune da ɗanɗanon waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, irin yadda masu tura waƙa suke yi a kasuwanninmu, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds. Zuwa 2021 Matador ne yake fitar da kundinsa, kamfanin da ya ɗauki Horsegirl. A Yamai akwai Tal National, masu rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, a Agadas akwai Etran de L'Aïr. Ko a Najeriya abin ba baƙo ba ne. Bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, an yi BLO da Funkees da Ofege, su Ofege ma 'yan makarantar St Gregory ta Legas ne lokacin da suka yi suna. A nan Samaru kuwa, Bongos Ikwue yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ya kafa ƙungiyarsa ta UniBello Brothers.

Me ya hana yanzu? Lissafi ne da farko. Yaro ɗaya da laftof da makirfo zai iya gama waƙa a ɗakin hostel kafin batir ya mutu. Ƙungiya kuwa tana buƙatar saitin ganguna, jita uku, amfilifaya uku, duk kayan waje da dala ake sayowa, sai wuta mai tsayawa ko janareta da mansa, sai kuma ɗakin da za a yi awa uku ana dukan ganga ba tare da maƙwabci ya aiko a ce akwai mara lafiya ba. Wurin da ya haɗa waɗannan duka a garin nan kusan coci ne kawai, da kuma barikin soja. Ka bi ta Sabon Gari ko Wusasa da yammacin Asabar, za ka ji ana gwaji: mai bes yana maimaita layi ɗaya, mai ganga ya tsaya ya ce a koma daga farko, janareta tana ruri a bayan gini. Da yawa daga cikin matasan da suka iya jita da ganga a arewa daga nan suka koya.

Sai kuma matsayin makaɗi a wurinmu. Kiɗa a al'adar Bahaushe sana'ar gado ce, tana tafe da roƙo, kuma tana da ubangida. Yaron da ya shigo gida da jita a kafaɗa ya san tambayar da ke jiransa: "Yanzu duk karatun nan da ake kashe maka kuɗi, maroƙi za ka zama?" Zai sunkuyar da kai ya ce, "A'a Baba, sha'awa ce kawai." Daga ranar jitar ta koma ɗakin aboki. Abin lura shi ne indi-rok ba ya wasa kowa. Waƙoƙinsa a kan kuɗin haya ne, da gajiya da aiki, da soyayyar da ta lalace, da haushin masu mulki. Mawaƙin da ba ya ambaton sunan kowa, wa zai yi masa liƙi?

Amma ta fuskar kiɗan kansa, mu ne muka fi kusa da shi fiye da yadda muke tsammani. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, layi ɗaya yake maimaitawa, magana tana gudana a kai, kuma zancen talaka yake yi. Gurmi da garaya da kukuma irin ta marigayi Hassan Wayam duk a kan ɗan gajeren zagaye suke tafiya, wanda ake juyawa har ya shiga jiki. Wannan shi ne ginshiƙin rok. Akwai ma wata fa'ida ta harshe. Hausa tana da karin sauti, hawa da sauka da faɗuwa, ga dogon wasali da gajere, shi ya sa idan aka ɗora kalmominmu a kan karin waƙar Turawa sukan karye, ma'ana ta gurɓace. Salon magana a kan kiɗa ya kauce wa wannan matsalar gaba ɗaya, domin harshen ne da kansa zai ba da karin. Inda aikin yake shi ne wurin mai ganga. Rok a kan bugu huɗu yake tafiya, tafiyar soja, alhali yawancin kiɗanmu na kalangu da na ƙwarya yana rangaji ne a kan uku-uku. Mai gangar da ya kwafo na Landan kai tsaye zai taka wa garaya ƙafa. 'Yan Nijar sun warware wannan tuntuni, suka ɗauko rangajin kiɗansu na gargajiya, takamba da tende, suka ɗora a kan saitin ganguna, shi ya sa kiɗansu yake gudu kuma yake lilo a lokaci guda. Zariya, garin da ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a 1958 don haɗa dabarar Turai da zanen gida bai kamata a ce sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

Abin da Agadas take da shi wanda mu ba mu da shi shi ne wurin bugawa mai biya. A can jita kiɗan biki ce. Etran de L'Aïr ta yi shekaru tana zagaya gidajen aure kafin wani Bature ya san da ita, kuma wannan bugun na kowane mako, a fili, cikin ƙura, da amfilifayar da aka ƙure wa murya don na baya su ji, shi ya ƙera sautin da ake saya yau a Turai. Bikin shi ne Windmill ɗinsu. A Zariya kuwa kuɗin kiɗan biki DJ ne yake karɓe shi, shi kaɗai da laftof da sifika biyu, kuma uwar amarya ba ta da dalilin ciyar da mutum biyar a kan abin da mutum ɗaya zai yi mata da rabin kuɗin.